Ni Na Hana Ɗana Kwance Ƙullin Daddawa

Edita, a zamanin mulkin soja ni bazawara ce mai sayar da daddawa da kuka a unguwar Kpakungu da ke Minna, kuma ba ni da abin taƙama a duniya kamar ɗana na fari. Shi kaɗai ne a layinmu ya yi karatu har aka zaɓe shi ya tafi Ingila ƙaro ilimi. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Ko gaisuwa ake yi sai na san yadda na jefa zancen jirgin sama a ciki.

Ana gobe zai tafi, maƙwabcinmu ya yi sallama. Ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Kwatano da Legas, mutum mai fara'a, shi ya tsaya mana lokacin rasuwar maigidana. Ya kawo ƙulli an ɗaure tam, ya ce daddawa ce a kai wa ƙanensa da ke can yana kewar miyar gida. Daddawar ma a wurina matarsa ta saya. Bayan ya fita, yaron ya ce mini cikin ladabi zai kwance ya duba, don an gargaɗe su kada su karɓi saƙon kowa. Nan na hau shi da faɗa. Na ce tun da nake ban taɓa ganin ɗan mutunci ya buɗe saƙon amana ba, wato tun kafin ya taka Turai ya fara raina mutane ke nan. Na tuna masa wanda ya yi mana ɗawainiya ranar da ubansa ya rasu. Ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Da hannuna na tura ƙullin ƙasan akwatinsa.

Yana sauka aka tsare shi a filin jirgi. Hodar ibilis aka cusa a tsakiyar curin daddawar, wai don warin ya ɓatar da karnuka. Ƙanen da aka ce a kai wa saƙon, ashe babu shi. Maƙwabcin ya zo mini jaje, ya rantse shi ma wani ne ya ba shi, ba a jima ba ya kwashe iyalinsa ya bar Minna.

Da ya gama zaman kurkuku aka dawo da shi, amma a can ya koyi shaye-shaye. Yanzu yini yake a bakin gadar Chanchaga, wani lokaci ya gane ni, wani lokaci ya bi ni da ido. Mun yi na asibiti, mun yi na gida, na gaji da sa rai. Bai taɓa cewa ni na jawo masa ba. Da ma ya faɗa, da na ɗan samu sauƙi.

Iyaye 'yan'uwana, yaron nan gaskiya ya faɗa, kunyata ce ta rufe masa baki. Duk saƙon da za a ba ɗanku, a kwance shi a gaban mai shi, in zai yi fushi ya yi. Ni na tsare mutuncin maƙwabci, na rasa ɗana yana raye.