Kawu Sau-Uku da Jinyar Kwamfuta

Kawuna ya ƙare shekarun aikinsa a bayan wata 'yar taga a ɗakin magani na asibiti, yana zuba ƙwayoyi a ƙananan ledoji yana miƙa wa mutane. Ko wa ya zo, maganar ɗaya ce: "Sau uku a rana, bayan abinci." Tun ana faɗa a bayan idonsa har sunan ya bi shi. Mu 'ya'yan ƙannensa ma Kawu Sau-Uku muke cewa, in mun tabbata ba ya kusa.

Shi bai yarda akwai mai lafiya a duniya ba, sai dai wanda ba a duba shi da kyau ba. Ka yi atishawa a gabansa, da leda za ka bar gidan. Da ya yi ritaya sai ya rasa majinyata, don duk dangi mun koyi haɗiye tari in za mu gaishe shi. Matarsa kuwa, da muke kira Inna, ta daɗe tana juye duk abin da ya ba ta a tukunyar shukar da ke bayan ƙofa.

Ana haka babbar 'yarsu, da aiki ya kai ta nesa, ta aiko musu da kwamfuta ta ɗorawa a cinya, don su riƙa ganin jikarsu ta bidiyo. Farkon zuwanta garau take, ana dannawa take buɗewa. Sai wata rana talla ta faɗo a allon da jan rubutu, wai kwamfutar na cikin haɗari, a sauke manhaja kaza. Inna ta ce rabon da ta ga fuskar Kawu ta washe haka tun yana aiki. Ya samu majinyaci, kuma wanda ba ya gardama.

Ya sauke ta shara. Ya sauke ta ƙara sauri. Ya sauke ta kashe bairos, ya bi ta da wata, wai magani ɗaya ba ya aiki sai an haɗa. Duk tallar da ta leƙo, Kawu ya ce bismilla. Kuma kowace daga cikinsu ta ɗauka ita ce babba, dole sai ta tashi tare da kwamfutar. In an kunna, fanka ta kama gurnani, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi. Inna ta ɗora ruwan shayi, ta share falo, ta shanya wanki, ta dawo ta tarar ana nan. In ta samu ta buɗe kuma, sai manhajojin su fito suna kai ƙarar juna, wannan ta ce waccan ce cutar.

"Kin gani ko?" in ji Kawu, tabarau a kan hanci. "Da ban tashi tsaye a kanta ba da tuni ta mutu."

Abin da ya ƙure Inna shi ne ranar da 'yarsu ta bugo waya tana ihu, su yi maza su kunna, jikarsu ta fara tafiya. Kafin kwamfutar ta farka, yarinyar ta gaji da tafiyar, ta ci abinci, ta yi barci. Ƙafarta kawai aka nuna musu a cikin bargo.

Ranar taron 'yan fansho, Kawu na fita Inna ta kira ni. Ta naɗe kwamfutar a mayafi kamar kayan sata, muka hau benen masu gyaran waya. Mai gyaran ya kunna, ya jira, ya sallami wasu mutane, ya dawo. Da ya buɗe inda ake ganin manhajojin da ke tashi tare da ita, sai ya dube mu.

"Mama, wa ya yi mata haka?"

"Likitanta," in ji Inna.

Ya goge su, ya bar ta bairos guda ɗaya, ya hana sauran tarkacen tashi da kansu, ya hure ƙurar fankar. Inna ta sunkuya ta rage murya.

"Ɗana, ba yadda za a kulle kabad ɗin maganin?"

Ya ce akwai. Ya saita ta yadda ba a sauke komai sai da kalmar sirri, Inna ta zaɓa da kanta, har ni ta kora baya.

Da Kawu ya dawo ya danna maɓalli, kafin ya gama goge tabarau ta buɗe. Ashe da safen nan ya sauke wata sabuwa mai hoton roka. Ya buga tebur.

"Na faɗa! Sai an yi haƙuri da magani!"

Ni da Inna muka kalli juna. Shi kuwa ya shiga rubuta wa abokansa sunan manhajar mai rokar. Ba a jima ba amininsa, wani tsohon hedimasta, ya iso da tasa kwamfutar a hammata yana huci, wai tun da ya sa abin nan ko gaisuwa ba ta amsawa. Kawu ya ce ai bai iya sawa ba ne, bari ya nuna masa. Kawu ya buɗe tasa, ya nemi roka sama da ƙasa, babu. Ya je zai sake saukewa, wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri.

Ya ɗaga murya wajen kicin.

"Ke! Wa ya taɓa mini majinyaci?"

"Sallamarta aka yi," in ji Inna, ko leƙowa ba ta yi ba. "Ta warke."

Hedimasta ya yi dariya har ta sarƙe shi da tari. Kuskurensa ke nan, don Kawu ya juyo ya ƙura masa ido ta saman tabarau, ya tambaye shi tun yaushe yake jin wannan tarin.

Kawu ya yi kwanaki ba ya yi wa Inna magana sai ta bakina. Ya gwada sunanta, ya gwada na jikar, ya gwada sunayen magunguna har ya gaji, akwatin bai buɗe ba. Yanzu da hantsi sukan zauna su biyu a kan doguwar kujera, jikar tana tsalle a allo, shi yana matsowa yana cewa a haska masa harshenta ya gani.