Mama Shange da Rumfar Yaran da Suka Ɓace

Da ƙarfe shida na safe motar haya daga Umlazi take sauke Mama Ntombenhle Shange a bakin tekun Durban. Kafin masu shara su gama aikinsu ta riga ta buɗe rumfarta, ta kakkaɓe rairayi daga tabarmi, ta jera ƙananan kujeru, ta yayyanka burodi. Sannan ta zauna a bakin ƙofa da damin awarwaron roba a cinyarta. Duk iyalin da suka zo wucewa sai ta tsayar da su, ta rubuta sunan yaro da lambar wayar iyayensa, ta ɗaura masa a hannu, ta ja da ƙarfi don ta tabbata ba zai zame ba. Shekara ashirin da shida ke nan tana tsaron wannan rumfa, inda ake kawo yaran da suka ɓace wa iyayensu cikin taro. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, domin gwiwoyinta sun gaji.

Sa'ad da ta fara, bakin ruwan nan ba wurin kawo iyali ba ne. Fitilu sun mutu, gidajen da ke wajen tashar jiragen ruwa sun zama kufai. Yanzu an shimfiɗa doguwar hanyar ƙafa, baƙi suna yawo a kanta da kekuna, suna kallon manyan kifaye ta bayan gilashi, suna ɗaukar hoto a gaban filin ƙwallo, suna cin burodin da aka raraƙe aka cika da miyar kori. Takardun da ake raba wa baƙi sun lissafa waɗannan duka, amma ba su ambaci rumfarta ba. Ita kuwa gyaran bai taɓa kwantar mata da hankali ba. Takan ce, "An gyara hanya, an gyara fitilu. Mutanen da ke bin hanyar fa, wa ya gyara su?"

Mu da muke sayar da jarkokin ɗibar ruwan teku, wanda mutane kan kai gida don neman tabarruki, a gefen rumfarta mun san halinta. Wanda ya zo karɓar yaro yana murmushi da yawa, ba ta yarda da shi. Wanda ya zo yana kuka da ƙarfi, shi ma tana duban idonsa ta ga ko akwai hawaye. Ta taɓa zaunar da wani fasto rabin sa'a, ta taɓa sa ɗan sanda cikin kakinsa ya jira. An yi ƙorafinta sau da yawa. Ba kuma kullum take daidai ba: akwai ranar da ta riƙe uba na gaskiya sa'a biyu har ya fashe da kuka, ta ba shi haƙuri, ta kuma ce gobe ma haka za ta yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ranar farko ta sabuwar shekara, shekara huɗu da suka wuce. A irin wannan rana rairayi ba ya ganuwa saboda mutane. Da tsakar rana Baba Mhlongo, tsohon da ke jan keken baƙi da hularsa mai ƙahoni, ya kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu da ya tsinta kusa da kududdufin wankan yara. Awarwaronta ya ce Khethiwe. Aka buga lambar, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Mama Shange ta ba ta burodi, sannan ta yi abin da take yi wa kowane yaro. Ta sunkuya ta raɗa mata a kunne, "Ke 'yar gidan wa ce?"

"Ndosi," in ji yarinyar, a hankali.

Kirarin gidan Cele ke nan, wato gidan mahaifinta. Yaranmu kan koyi kirarin gidansu kafin su iya ɗaura takalmi, kuma ba a rubuta shi a awarwaro.

Ba a jima ba sai ga wani mutum da farar riga, makullin mota a hannu ɗaya, askirim a ɗaya. "Khethiwe! Ashe nan kike! Uwarki ta kusa haukacewa." Ya ce shi kawunta ne, daga Johannesburg suka zo, wayar ƙanwarsa ta faɗa ruwa. Yarinyar ba ta gudu ba, ba ta kuma ruga wurinsa ba. Askirim ɗin take kallo.

Mista Dladla, wanda aka ɗora wa kula da wannan ɓangare a shekarar, ya miƙo littafin sa hannu. Yara arba'in da bakwai ne a rumfar, zafi ya yi tsanani, yana so a ragu. Ya ce, "Ma, ai ya san sunanta."

"Ni ma na sani, ɗana. A hannunta yake, da manyan baƙaƙe. Baba Mhlongo ma ya sani, shi da bai iya karatu ba."

"Ni a cire ni cikin rigimarku, MaShange," in ji tsohon, amma bai matsar da kekensa daga bakin ƙofa ba.

Ta juya ga mutumin. "Ka ce ƙanwarka ce ta haife ta?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Madalla. To shanun wane gida suka shiga garkenku ranar da aka aurar da ita?"

Ya yi dariya. "Haba Mama, zamanin shanu ya wuce. Mu 'yan birni ne."

"Ko kuɗi aka bayar, da hannun wani aka miƙo su. Kai da ka ci sadaki, ba ka san gidan da ya fito ba?"

Ya ce, "Gidan Mkhize."

Ba ta ce ya faɗa daidai ba, ba ta ce ya yi kuskure ba. Ta ce, "Zauna, a zuba maka shayi." Ta ɗauki tawul, ta goya yarinyar a bayanta, ta ƙulle a ƙirji sau biyu, ta koma ta zauna. Duk mai son Khethiwe sai ya fara kwance Mama Shange.

Mutumin ya ɗaga murya. Ya ce zai yaɗa wa duniya cewa a garin nan ana ƙwace wa baƙi 'ya'yansu, ya ce wannan ne garin da ake ta yi wa talla? Jama'a suka taru, wasu suna cewa tsohuwar nan ta cika rigima. Dladla ya sunkuyo yana gumi. "Ma, irin waɗannan baƙin muke nema. Idan ya kai ƙara, zan rubuta sunanki."

"Rubuta, ɗana. Idan bironka ya ƙare, ga nawa."

Daga baya ta faɗa mini cewa a lokacin ba ta da tabbas. Ta san akwai yaran da ba a biya wa iyayensu shanu ba, akwai dangin da birni ya warwatsa har ba su san juna sosai ba. Mai yiwuwa kawu ne na gaske, mai yiwuwa aikinta ya ƙare a ranar. Amma ta auna abu biyu: idan ta yi kuskure wajen riƙewa, mutum ya yi asarar sa'a biyu, idan ta yi kuskure wajen saki, ba ta san abin da za ta faɗa wa uwar ba.

Da ta ce a kira ɗan sanda ya zo ya duba takardunsa, sai mutumin ya ce suna cikin mota, bari ya ɗauko. Ya kutsa cikin taro. Aka jira, bai dawo ba.

Wajen ƙarfe huɗu wata tsohuwa ta iso cikin rigar coci shuɗi da fari, jiƙe har gwiwa, jarkar ruwan teku a kanta, muryarta ta dishe. Wayarta tana cikin jaka a motar da ta kawo su daga ƙauye. Tun daga nesa ta ƙwala kira, "Ndosi!" Yarinyar ta fara harba ƙafa a bayan Mama Shange tana ihu, "Gogo! Gogo!"

Ko a nan ba ta kwance tawul nan take ba. "Tsaya, Gogo. Ke kakarta ce ta wajen wa?"

"Ta wajen uwa."

"Kawunta ya zo nemanta ɗazu."

Tsohuwar ta sauke jarka a hankali. "Wane kawu? 'Ya'ya mata uku na haifa."

Dladla ya rufe littafinsa, ya fita, ya daɗe yana kallon taron. 'Yan sanda sun rubuta kamannin mutumin, amma har yau ba wanda ya san ko wane ne.

Mama Shange, ke ce kika yarda a kira ki mai rigima don wata uwa ta kwana da 'yarta. Ke ce ƙofar da ba a buɗewa da farar riga ko da ihu. Mun yi dariyar zarginki, wasunmu sun zage ki a ɓoye, kika ji, kika ci gaba da yanka burodi. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa miki gwiwoyin nan, ya ba ki hutu.

Ku masu shirin zuwa garin nan, ku zo, ku kalli kifaye, ku hau keken Baba Mhlongo, ku ɗebi ruwan teku. Amma ku fara tsayawa a rumfa a ɗaura wa yaranku awarwaro, ku kuma koya musu sunan gidansu tun kafin ku shiga mota. Ku da aka ba amanar 'ya'yan mutane, kada kunyar baƙo ta hana ku yi masa tambaya ta biyu.

Khethiwe Cele tana aji biyu yanzu. Kowace safiya daga gidan kakarta take fita zuwa makaranta, kowace yamma can take komawa. Mama Shange, wannan aikinki ne.