Teburan da Sunka Riga Depite Isa

Ɗiyan lakol, 'yan makaranta, ku matso kusa. Wanga rubutu hannuna ne, ba wanda yar riƙa mini alƙalami. Satin jiya Mushe, malaminmu, yak kira sakamakon ajinmu na manya, ni ne na ɗaya, ni da hurhura ta hwara hito ma! Har yanzu in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Amma kahin ku ce mini barka, ku ji ko ni wane ne da.

Wani ƙauye bayan Deule anka haihe ni. Ni ne auta, yayata Hajo ce tar rene ni bayan rasuwar innarmu. Noman hatsi bai yi mini ba, sai nig gudu Madawa niz zama aparanti, yaron kamiyo, babbar motar kaya, wurin wani ɗan kwangila da muke ce ma Patoro. Shi ke kai ma lakol na ƙauyuka kaya: alli, alluna, madarar gari da man girkin abincin yara. Hannuna da sauri shike tun ina ƙarami. Na hwara da alli, sai gwangwanin madara, sai buhu. Ran da Patoro yak kama ni, na ɗauka kora ce. Sai yad dube ni yac ce, "Ashe kana da kai. Bar ƙananan abubuwa, zo mu yi babba."

Babban shi ne tabul-ban, teburin nan mai haɗe da benci. An ba shi kwangilar yi ma lakol da yawa, daga Madawa har Buza har Keita. Yas sa anka yi cikin kamiyo guda, sauran katakon yab bi hanyar kasuwa. Lokacin sojoji ba su amshi mulki ba, akwai majalisa. Kwatsam anka ce depite, 'yan majalisar, za su taso daga Yamai su gani da idonsu ko kayan sun isa ga yara. Patoro ya ruɗe. Wallai dabarar ba tashi ba ce, tawa ce. Nic ce, "Patoro, manya ba su barin gari sai sun ci gasasshen rago. Su tsaya ga ragonsu, mu mu kwashe teburan mu riga su isa lakol ta gaba."

Haka munka yi. Mu sauke, depite su zo su ga yara zaune tsab, su ji daɗi, su tahi wurin rago. Mu kuwa mu ce ma dirakta za a kai teburan a shahwa musu henti. Shike nan, sai gaba.

Har layi yaz zo kan ƙauyenmu. Can akwai Idi, ɗan Yaya Hajo. Shekarar ce zai yi jarrabawar shiga kolej. Ajinsu na zana ne, bisa ƙasa suke zama, bisa gwiwa suke rubutu, kuma tun da anka buɗe lakol ɗin ba ɗan garin da yat taɓa cin jarrabawar, kullum ɗiyan birni ke kwashewa. Mushensu ya ce in akwai wanda zai hwara, Idi ne. Yaya Hajo ba ta da wata magana sai wannan.

Motar depite ta lalace Buza, sai teburan sunka yi 'yan kwanaki garinmu. Kun ga murna? Mata har guɗa. To, mutanenmu na da al'ada tun kakanni, tun suna zaune ƙarƙashin Buzaye: abin da babu shaidar wuta gare shi, ba naka ba ne. Jaki, sa, har turmi. Maigari yas sa maƙeri yag gasa ƙarhe yad danna ma kowane tebur shaidar garinmu ga gehe, zane ukku kamar sawun zabo. Na gani, nic ce cikin raina, masu manyan riguna ne za su duƙa duban gehen tebur?

Depite sunka zo, sunka wuce wurin rago, munka jawo kamiyo. Idi da kanshi yat taya ni lodi. Yac ce, "Kawu, yaushe za ku maido?" Nic ce, "Jibi, ɗana."

Wata lakol wajen Keita anka gama da mu. Cikin depite akwai wani dogo mai rawani. Yana zagaya aji sai yat tsaya, yas shahi gehen tebur. Yac ce ma dirakta, "Mushe, teburanku kiwo suke zuwa? Wanga sawun zabo na baro shi shekaranjiya bayan Deule." Anka yi dariya, shi bai yi ba. Yac ce, "Raƙuma niy yi kiwo kahin a kai ni lakol. Ina duban shaida kahin in dubi huska." Ni ina bakin taga. Jandarma sunka kama ni nan take.

Gaban alƙali Patoro ya rantse da kyar yas san sunana. An ɗaure mu tare, amma shi bai daɗe ba. Teburan kuwa anka aje su a matsayin shaida har gara tac cinye su.

Yaya Hajo ta zo kaso sau guda, da ƙwaryar hura. Ba ta zage ni ba. Tac ce, "Auta, da awakina kas sata da na yahe tun kan hanya. Yaron nan kullum sai ya hau tudu ya dubi ko kamiyonka na tahe." Idi bai ci jarrabawa ba, ya bi masu cin rani Sakkwato. Ban ce tebur ke cin jarrabawa ba, amma Mushensu ya ce tun ran nan yaron yad daina ɗaga hannu cikin aji.

Cikin kaso wani dattijo kahinta yak koya mini zarto da guduma. Da anka sake ni niy yi tuba, nib buɗe 'yar rumhwa Buza. Ƙyaure, akwati, gadon amarya, alhamdu lillahi ina ci ina sha, ina barci ba hwargaba. Bayan la'asar in wanke hannu in tahi aji, ni da tsohwahhi 'yan'uwana muna ta gardama kan wasali.

Bana anka sa Rabi, ɗiyar Idi, lakol. Da katakona niy yi tabul-ban iyakar ƙarhina, nil loda ma amalanke nik kai garinmu. Tun hitowata, ni da Idi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mutane sunka taru. Idi yaz zagaya teburan, yad dube ni, yac ce, "Kawu, waɗanga kwana nawa za su yi?" Gari yak kwashe da dariya, har Yaya Hajo. Ni ma niy yi, kunya na cina. Nic ce, "A kira maƙeri." Da ƙarhen yay yi ja, nim miƙa ma Idi. Yak karɓa, yad danna. Da ƙamshin katakon yat tashi, yac ce, "To, Kawu, zo mu ci tuwo."

Samari, ku ji ni. Ni da alli guda nih hwara. Kayan lakol ba na gwamnatin da ke can Yamai ba ne, na wani yaro ne da kuka sani, watakila ɗan yayarku. In wani patoro yac ce kuna da kai, ku duba mi shike so ku ɗauka. Kuma kada ku taɓa ce ma yaro jibi alhali kun san babu jibin.

Bon, na tsaya nan. Rabi ta aiko wai in kawo allona ranar Juma'a ta duba mini rubutu, kuma yarinyar ba ta da sauƙi.