Jar Masara Ɗaya Cikin Goma

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Maska. Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da ta sha ta isa. Kafin a san ni da abin da aka san ni da shi, yaro ne ni mai shiru-shiru. In an aike ni gona, akwai littafin soyayya a aljihuna, irin waɗanda ake bayarwa haya a Funtua. Nakan zauna a gindin ɗorawa in karanta yadda saurayi ke zuwa zance cikin mota mai ƙamshi, in lumshe ido in ga kaina a ciki. Wadda ke gefena a motar kullum Murja ce, 'yar ajinmu a sakandare, mai wushirya, wadda in dariya ta kama ta takan rufe baki da gefen hijabi.

Ban da karatun littattafan nan, abin da na iya shi ne lissafi. Wata rana malaminmu, Malam Ɗahiru, ya shigo aji da 'yar jakar ƙyalle. Ya zazzage ƙwayar masara goma a kan tebur, tara farare, ɗaya ja.

"Mutum zai biya naira ɗari ya zura hannu," in ji shi. "In ya zaro ja ya ci. Sai a mayar da ƙwayar, a girgiza, wani ya zo. Nawa zan ba wanda ya ci in ana so kada kowa ya cuci kowa?"

Aji ya kaure. Wasu ɗari biyu, wasu ɗari biyar. Na ɗaga hannu na ce dubu ɗaya, domin in aka yi ta yi, ja zai riƙa fitowa kamar sau ɗaya cikin goma. Hannu goma sun zuba dubu, sai dubun ta koma.

"Wannan shi ne wasan adalci," Malam ya ce. "Ku raba ladan gida goma, abin da ya fito shi ne ainihin darajar zura hannu ɗaya. In ladan ɗari biyar ne, kowace zurawa hamsin take, kai kuma ka saye ta ɗari. Kuma jaka ba ta tuna abin da ya wuce. Ko fari ya fito sau ashirin, ja bai matso ba."

Murja ta juyo daga layin mata ta ce, "Sannu Malam Lissafi." Wannan kalma ta yi mako tana yi mini yawo a ƙirji.

Muka gama makaranta, ban samu ci gaba ba. Na fara zuwa zance wurinta a kan aron babur. Yayanta Hamisu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya karɓe ni hannu biyu. Ya ce in nemi sana'a kawai, ba ya neman wani abu. Ni ne ban yarda da "kawai" ba. Akwatunan lefe nake gani a mafarki jere har bakin zaure.

Da kaka ta yi, na zauna a kasuwa ina kallon manoma suna fitowa daga layin 'yan hatsi aljihu a kumbure. Sai jakar Malam Ɗahiru ta faɗo mini. Na fara da abokai, a kan goro da alewa, muna dariya. Ba a jima ba aka koma kuɗi. Ɗari ka zura, ja ya ba ka ɗari biyar.

Manomanmu ba a cutarsu a awo. Kafin a auna masa hatsi, mutum zai karɓi tiya ya juya ta ya duba gindinta ko an lotsa. To haka suka yi wa jakata. Sukan juya ta ciki waje, su ƙirga ƙwayoyin da kansu, su ga jan da idonsu, su ce, "Yaron nan ba shi da ha'inci." Babu wanda ya taɓa tambayar ko ɗari biyar ɗin ta kai. In wani ya ci, ni nake fara yi masa ihu, in ɗaga kuɗin sama kowa ya gani. Shi ake tunawa. Taran da suka sulale ba wanda ke waiwayarsu.

Na guji kasuwannin da aka san ni. Yau Tsiga, gobe wajen Malumfashi, jibi Musawa. Murja kuwa na ce mata hatsi nake saye ina sayarwa. Na kai mata atamfa da turare, ta ce Allah Ya ƙara buɗi, na amsa da amin ba tare da muryata ta yi rawa ba.

In an daɗe ana yi, rabin duk abin da aka zuba nawa ne, amma sai ya daina isata. Ranar da ja ya fito sau uku a jere na kwana ina jin haushi, ko da yake na san gobe zai rama mini. Daga nan na koyi maƙale jan tsakanin yatsuna bayan an gama ƙirgawa.

Ana gab da damina na shimfiɗa buhun da nake wasan a kansa a kasuwar Musawa, mutane sun kewaye ni, sai na ji an ce, "A'a, ƙanena! Hatsin ke nan?"

Yaya Hamisu ne. Ya kawo ɗaya daga cikin shanun huɗarsa da ya tsufa ya sayar, zai cika ya sayi ɗan bijimi. Na jira faɗa. Sai ya tsuguna yana murmushi.

"Yaya, ka bari, ba naka ba ne," na ce a hankali.

Wani daga baya ya ce, "Tsoronka yake ji, Alhaji! Tun safe ja bai fito ba, yanzu yana bakin jaka."

Hamisu ya ce, "Wannan surukina ne, ba zai cuce ni ba." Na miƙa masa jakar don ya duba kamar yadda kowa ke yi. Ya ture hannuna. Shi kaɗai ne a duk kasuwannin da na zaga bai duba ba.

Ya fara da ɗari, ya koma dubu, ya riƙa ninkawa don ya fanshe abin da ya tafi. Jan yana tsakanin yatsuna, ina jin sa kamar garwashi. Ina iya sakinsa cikin jakar. Amma kuɗin da yake zubawa sun yi yawa, in ya ci ba ni da abin biya, kuma asirina ya tonu. Na ce a raina zan mayar masa da kuɗinsa a gida. Na bar shi yana zaro fari, gumi na bin wuyansa, har kuɗin san da ya sayar suka kusa ƙarewa.

Can ya tsaya, ya dube ni. "Ƙanena, zazzage mu gani."

Tara suka zubo. Wani ya murɗe hannuna, na goman ya faɗo kan buhu.

Ban san wanda ya fara dukana ba. Kuɗin suka watse, kowa ya dama yana cewa shi ma an cuce shi. Hamisu ne ya kwanta a kaina har 'yan sanda suka zo. Ya koma gida babu san, babu kuɗin. Alƙali ya ɗaure ni.

Kafin a wuce da ni gidan yari, Murja ta zo harabar kotu. Idanunta sun kumbura. Na ce mata wallahi ban daɗe da fara ɓoye jan ba, da can wasan gaskiya nake yi.

"Ni ma ina ajin nan," ta ce. "Dubu Malam ya ce. Kai nawa kake biya?"

Na sunkuyar da kai.

"To tun ranar farko ɓarawo ne kai. Ɓoyewar kawai ce ta sa aka gane."

A gidan yari na yi ta juya wannan magana a kan tabarma. Kotu ta hukunta ni a kan ƙwayar da na ɓoye, amma abin da na kwashe lokacin da take cikin jakar ya fi yawa. Kuma ni da nake yi wa manoma dariya, irin wasansu na yi. Kullum ina cin kaɗan, ban taɓa zama na auna abin da zan zubar ranar da dubuna ta cika ba.

Na fito na tarar Murja ta yi aure a Malumfashi, har da goyo. Na tuba ga Allah, na je na durƙusa gaban Yaya Hamisu. Ya ce ya yafe. Har yanzu sa ɗaya gare shi, sai ya haɗa da na maƙwabci kafin ya yi huɗa, kuma sai maƙwabcin ya gama tasa. Duk damina nakan je in yi masa noma da fartanya, ba ya kirana, ba ya korata.

Ƙannena, caca haramun ce, wannan kun sani. Amma na san akwai mai karanta wannan da wayarsa a hannu, yana shirin zuba kuɗi a kan ƙwallo. Kafin ka danna, tambayi kanka: cikin sau nawa ake ci sau ɗaya? Raba ladan gida-gida haka, ka kwatanta da abin da za ka biya. Za ka ga bai kai ba. Da ya kai, da mai wasan bai shimfiɗa buhunsa ba. Kada kuma wanda ya ci ya ruɗe ka, nemi waɗanda suka sulale. In kuwa kai ne Allah Ya ba kan lissafi, kada ka kai shi inda na kai nawa.

Yanzu awon hatsi nake yi wa wani a kasuwa, na halal. Kwanan baya Yaya Hamisu ya zo sayen iri. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata. Na ɗauko tiya zan auna masa, sai ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya ta, ya duba gindinta.