Kawu Ogola da Kifin Ƙarya

Kawu Ogola, yayan mahaifiyata, tun yana saurayi yake kamun giwan ruwa a gaɓar tafki a garin Shirati. Gajere ne mai ƙatuwar murya, kuma ba ya shiga tafki sai jirgin Kaijage na gefensa. Mu 'yan ƙabilar Luo ne, Kaijage ɗan ƙabilar Haya ne, manoman ayaba, don haka mtani ne, wato abokin wasa. Duk zagin da ya fito bakinsa halal ne. Haka suka yi furfura, jirgi kusa da jirgi, suna jifan juna da baƙar magana ta saman ruwa.

Da na dawo daga jami'a da takardar injiniyan lantarki, ba aiki, ni na matsa wa Kawu ya sayar da saniya ya sayi na'urar gano kifi. Ba a yi mako ba Kaijage ya sayo irinta sak, wai ba zai bari mai cin kan kifi ya riga shi wayewa ba.

Daga nan tamu ta haukace. A bakin gaɓa lafiya lau take. Da mun shiga ruwa sai allon ya cika da zane-zane da ɗige-ɗige kamar garken kifi. Mu zuba koma, mu jawo ciyawa.

"Omolo," in ji Kawu, "saniyata dai madara take bayarwa. Wannan me take bayarwa?"

Na ce injin jirgi ne ke damunta. Na raba wayoyinta da na inji, na ba ta batirinta ita kaɗai, na hana kowa cajin waya a jirgi. Har rediyon Kawu na ƙwace. Zanen bai fasa ba.

Ranar Talatar da ta wuce, da tsakar rana, muna tsakiyar tafki, na ce a kashe inji in gwada wani abu. Na zare waya, na mayar, inji ya ce bai san zancen ba. Iska ta taso, igiyar ruwa ta fara watso mana ruwa ciki. Ban iya iyo ba. Na rungume batir ina kiran uwata da sunanta na yanka. 

Kaijage ya jefo mana igiya yana dariya.

"Ogola! Wannan ne injiniyan? Ba ni shi in riƙa ɗaure akuya da shi!"

"Ja mu, ɗan ayaba, ka rufe baki!"

Da ya fara janmu sai ya kashe na'urarsa, tunda kamu ya ƙare. Ina duƙe, fuskata dab da allonmu, na ga ya washe tas: ga ƙasan tafki, ga kifi na gaske. Ashe na'urorin biyu murya ɗaya suke aikawa cikin ruwa, kowace tana jin ta 'yar uwarta.

Muna isa gaɓa na ce, "Baba Kaijage, na'urarka ce ke lalata tamu."

Gaɓa ta ɗauki shewa. Kaijage ya dafa kaina. "Yaro ya girma, ya fara taɓa mtani!" Kawu har da hawaye don alfahari. Na rantse, suka ƙara dariya. A wurinmu ba yadda za ka zargi mutumin Haya a ɗauka da gaske kake.

Sai da na sa aka koma ruwa washegari, Kaijage yana kunna tasa yana kashewa, muna kallon allonmu. Kunna, zane. Kashe, tas. Kunna, zane. Dariya ta ɗauke.

"To, maganin fa?" Kawu ya tambaya a hankali.

"Ku yi nesa da juna, Kawu. Nesa sosai."

Ya dubi allon, ya dubi Kaijage. Kawu ya miƙa hannu ya kashe tamu.

"Kunna taka, ɓarawo. Yau kai ne idonmu, gobe ni. In ka yi mini ƙarya, in ƙone maka gonar ayaba."

"Kifi na hagu!" Kaijage ya yi ihu.

Kawu ya juya jirgi dama.