Ƙwaryar da Ba Ta Riƙe Ruwa

Har yau in na ɗora ƙarfe mai zafi a bayan ƙwarya, ƙaurin nan ya taso, sai na waiga in ga ko Kaka na tsaye a kaina za ta ce layina ya karkace. Ƙauri ne mai ɗaci-ɗaci, in ya kama zane sai ya kwana biyu bai fita ba. A cikinsa na tashi a gidanmu na Zuru.

Kaka, mahaifiyar Baba, zanen ƙwarya ne sana'arta. Ƙarafunanta biyar, wani maƙeri a Manga ya ƙera mata su tun tana amarya. Takan jera su cikin garwashi, ta ɗauki wannan ta mayar da wancan, bakinta kuwa ba ya hutawa da faɗa. A gidanmu duk 'yar da za ta ɗakin miji da ƙwaryar Kaka take fita. Su gwaggona duka haka suka tafi, ba wadda ta taɓa tambayar dalili.

To a shekarun nan ne robobi da kuloli 'yan China suka cika kasuwa. Kaka takan ɗauki ƙore ta kai kasuwa, ta dawo da abinta yadda ta kai. Ana nan haka sai auren Yaya ya taso, babbar yayata, wadda wani soja zai aura bayan Ista.

"Kaka, don Allah ki huta," in ji Yaya. "Bariki za ni fa. In shiga da ƙwarya matan sojoji su yi mini dariya?"

Kaka ta ba ta amsa da yarenmu, sannan ta maimaita da Hausa don maƙwabta su ji. "Ran da kika fita gidan nan babu ƙwaryata, ran nan ƙarafunan nan za su koma wurin maƙeri ya yi lauje da su." Kaka kuwa ba ta magana biyu. Ni lokacin ina aji biyar a firamare, kuma gaskiya hankalina ya tashi, don ni ce mace ta gaba, kuma ina son tawa ƙwaryar.

Baba a lokacin direba ne wurin wasu 'yan China masu aikin hanya ta wajen Ribah. Su sabuwar shekararsu sai tamu ta yi makonni take zuwa. Ya ce in ranar ta zo, jar takarda suke mannawa a ƙofofi da tagogi, wani daga cikinsu ne ke yanka ta da ɗan almakashi. Shi ya ba Baba guda: kifi biyu suna zagaye da juna cikin furanni, duk daga takarda ɗaya, an huda ta ko'ina amma ba inda ta rabu. Wai fata ne abincin bana ya kai baɗi har ya yi saura. Baba ya sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce gilashi zai sa a yi mata.

Kaka ta karɓa ta ɗaga ta sama, ta daɗe tana kallo. "Ashe masu robar nan suna da hannu," ta ce. Daga bakinta wannan babban yabo ne.

Bayan kwana biyu, Baba na wurin aiki, ta shiga ɗakinsa ta ɗauko takardar ba ta tambayi kowa ba. Nufinta ta manna ta a bayan ƙwarya ta bi zanen. Ta shafa wa ƙwaryar ruwan kamu, ta ɗora, ta danna da tafin hannu. Ina! Takarda shimfiɗaɗɗiya, ƙwarya ƙululu. Nan ta tattare, can ta yage, rinin ya zube, hannun Kaka ya yi ja har wuyan hannu kamar ta yanka kaza. Kafin a ce me, kifayen Baba sun zama dusa.

Da Baba ya dawo ya tsaya a kanta. "Inna, me kika yi haka?"

"Takardar banza ce, ko ruwa ba ta jurewa."

Ya juya ya koma ɗakinsa, uwa ce. Amma ranar Kaka ba ta taɓa tuwonta ba, kuma wannan ne karo ɗaya da na ga kunya a fuskarta.

Da safe ƙwaryar ta bushe, sai ga shatin kifin nan ja a jikinta, dishi-dishi, rabi ya fito rabi ya ɓace. Kaka ta hura garwashi. Kwana tara ta yi a kanta. Inda shatin ya ɓace ta cike da abin da ta sani. Ba ta san irin kifin 'yan China ba, sai ta yi wa kifayen gashin baki suka zama tarwaɗa. Furannin ta mayar da su zangarniyar dawa. Kuma da yake takardar a hude take, ita ma sai ta riƙa zura ƙarfen har ya ɓulla ciki. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta yi dariya har da tafi, wai tsufa ya kama Kaka, ta yi wa amarya rariya. Kaka ba ta kula ta ba. Da ta gama ta kife ƙwaryar a kan rumbu, ba ta ce wa Yaya ga taki ba.

Ranar biki aka dawo daga coci, ana ɗaure kaya a bayan mota, zafin bazara kamar zai dafa mutum. Na ga Kaka ta naɗe ƙarafunanta cikin tsumma ta ajiye a gefen ƙafarta. Yaya ta fito da farar rigarta, ta durƙusa wa Baba, ta durƙusa wa Mama, ta nufi ƙofa. Sai ta tsaya wurin rumbu. Ta ɗauki ƙwaryar ta ɗaga, rana ta bi ta hudojin, kifin nan biyu suka faɗo a kan rigarta. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ba ta riƙe ruwa fa," in ji Kaka.

"Na gani. Ruwa ai ina da robobi."

Ta rungume ta ta shiga mota. Kaka ta kwance tsummanta ta mayar da ƙarafunan bakin murhu, tana faɗan wai wa ya bar mata garwashi ya mutu.

Tawa ƙwaryar ba ta samu yi mini ba, Allah ya ɗauke ta kafin in yi aure. Ƙarafunan ta bar mini, da su nake ci yanzu. Ƙore nake hudawa ana sa ƙwan lantarki a ciki, masu otal da masu kwalliyar ɗaki suna saye. A Zuru kuwa yanzu da wuya ka ga amarya ta fita da ƙwarya. Bara wata 'yar China ta tsaya a shagona ta ɗauki guda, ta ce zanen irin na bikinsu ne, amma kifin ba nasu ba ne. Na ce mata gaskiyarta, tarwaɗa ce, kakata ce ta yi musu gashin baki.