Tokar da Yaya Bala Ya Zuba a Ƙofar Fili

Damina biyar ke nan da muka kai Yaya Bala makwancinsa a nan Gummi. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba, kamar yadda ban rubuta bara ba, don addu'a ta fi masa amfani. Abin da idona ya gani ranar Asabar ɗin da ta wuce ne ya sa na ɗauki biro.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Bala wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma facin taya ne sana'arsa. Rumfarsa tana kallon filin ƙwallon unguwarmu, hanya ce kawai ta raba su. Amma in ka shigo gari ka ce kana neman Bala mai faci, sai an tambaye ka wanne daga ciki. Ka ce Bala Toka, ko makaho zai nuna maka hanya.

Kulob ɗinmu, Matasan Bakin Gulbi, ba shi da mai shi a wancan zamani. Na kowa ne, kuma toka ce shaida. Duk ana gobe wasa Yaya zai rufe rumfa da la'asar, ya tura baro gida-gida yana sallama yana cewa, "A ba fili toka." Matan unguwa sun saba, tun farkon mako suke tara tokar murhu a tsohon kwano, masu kirki har tankaɗe ta suke yi. Ko matar malamin asibitin nan Kirista da aiki ya kawo su garin tana ajiye tata. Da safe sai ya cika gwangwanin da ya huhhuda da ƙusa, ya bi filin a duƙe yana jan layi. Ba ya gauraya tokar wani gida da ta wani. In ya gama zai ce maka da'irar tsakiya ta Innarmu ce, gidan gola na gabas na gidan Liman ne. Matar da ba ta taɓa ganin filin da idonta ba takan tambayi ɗanta da dawowarsa ko an ci ƙwallo a kan layinta. Ranar da muke karawa da 'yan Bukkuyum ko 'yan Anka kuwa, har daga Nasarawa Burkullu ake zuwa a kan babur, mutum uku-uku, babu wanda ake tambaya tikiti.

Sai zinari ya fashe a yankinmu, kuɗi suka faɗa hannun waɗanda suka faɗa. Cikinsu akwai wani Alhaji. Ba zan kira sunansa ba, ba don tsoro ba, sai don ya riga ya rubuta shi a jikin bango da yawa, ba ya buƙatar taimakona. Ya zo da jesi sababbi da takalma a kwali, ya kira dattawan kulob falonsa, suka sha lemo mai sanyi, suka fito babu kulob. Kafin wata ya zagayo an goge Matasan Bakin Gulbi an maƙala sunansa. An kewaye filin da langa-langa, an yi ƙofa, an zaunar da mai yankar tikiti. Yaran unguwa da suka tashi a filin nan ƙafa ba takalmi aka sallame su, aka kwaso 'yan haya daga nesa, waɗanda ko hanyar kasuwa sai an nuna musu. Ɗan gari ɗaya tak aka bari, don ko Alhaji da bai san bambancin bugun kusurwa da fanareti ba an gaya masa kada ya sake shi. Shi ne Nafi'u, ɗan Yaya Bala na fari.

Duk da haka Yaya bai fasa aikinsa ba. Wasan farko da za a yi a ƙarƙashin sabon suna ya tara tokarsa kamar kullum, ya turo baro zuwa ƙofa. Ina bayansa. Muka tarar da Alhaji a tsaye da muƙarrabansa. Ya dubi baron, ya toshe hanci da gefen babbar riga, ya ce, "Wa yak kawo muna shara nan?"

Yaya ya ce, "Alhaji, ba shara ba ta. Toka ta, ta gidajen mutanen garin ga."

"An sawo fenti," in ji Alhaji. "Fitar da ita."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya kamar ranar ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ja baron baya kaɗan, ya cika gwangwani, ya duƙa ya ja layi daga wannan ginshiƙin ƙofar zuwa wancan. Ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya ce shi dai ba zai tsallake wannan toka ba sai ranar da aka maido wa kulob sunansa, aka kware langa-langar. Ya tsallaka hanya ya koma rumfarsa.

Daga ranar, duk ranar wasa sai ya sabunta layin, mutane kuma suka ɗauke ƙafa. Ba taro aka yi ba, ba shela. Filin da a da sai ka hau bishiya kafin ka hango gola ya koma daga 'yan wasa sai alƙali sai yaran Alhaji. Aka rage tikiti, shiru. Aka ce kyauta ne, shiru. Aka ɗauko makaɗa, suka yini suna yi wa benci kiɗa. 'Yan hayan nan kuwa cewa suka yi wallahi ba za su tsallaka ba, sammu ne aka zuba musu. Ta baya suke haura langa-langa, har ɗaya ya yage cinya. Alhaji ya sa a riƙa share layin ana yayyafa abin da ake yayyafawa. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, yana ce wa duk wanda ya zo faci, "Toka ta fa, ta murhun Innarku." Ni a lokacin ji nake babu gari mai zuciya irin namu.

Abin da mutane ba su gani ba shi ne abin da layin nan ya ci wa Yaya. Nafi'u ya same shi a rumfa da safiyar wasa na biyu, takalma rataye a wuya, ya durƙusa ya ce, "Baba, in bari?" Ana ta raɗe-raɗin cewa masu neman 'yan wasa daga Gusau za su zo, kuma yaron ba shi da wani fili sai wannan. Yaya ya daɗe yana goga tayar da ke hannunsa kafin ya ce, "Kai ɗan wasa na. Wanga faɗa na 'yan kallo na. Shiga." Haka Nafi'u ya riƙa ɗaga ƙafa yana tsallake tokar ubansa duk ranar wasa, uban kuma ya sunkuyar da kai cikin bahon ruwan faci kamar mai neman huda.

Mutumin da ya koya wa yaron nan ƙwallo da ƙunshin tsumma bai taɓa ganinsa a cikin jesi da takalmi yana wasa ba. Da kunne yake kallo. Filin ya yi shirun da daga rumfa kana jin ƙarar ƙwallo in an doka ta, shi kuwa sai ya ɗaga yatsa ya ce wannan bugun na Nafi'u ne. Wata rana muka ji bugu, muka ji raga ta amsa, muka ji usur, sai muryar koci ita kaɗai tana kiran sunan Nafi'u. Babu sowa, don babu masu yin ta. Yaya ya yar da abin da ke hannunsa, ya miƙe har ya kai bakin hanya, sai ya tsaya. Na ce masa akwai huda a langa-langar, ya je ya leƙa mana, ba wanda zai ce ya tsallaka. Ya ce, "Leƙe ma kallo na." Ya dawo ya zauna, ya share ido da bayan hannu, baƙin taya ya shafe masa fuska.

A damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, 'yan kwanaki kaɗan Allah ya karɓi abinsa. An yi jana'iza da jama'ar da ban taɓa gani ba, kowa yana faɗin an yi rashin namiji.

Wasan farko bayan rasuwarsa ba a ja layi ba, mu muna zaman makoki. Filin ya cika maƙil. Ina zaune a ƙofar gida nake jin sowar da aka hana Nafi'u shekara biyu ana yi wa 'yan haya. Washegari na tare wani maƙwabcinmu, wanda ya fi kowa zagin Alhaji a rumfar Yaya, na ce yaya haka. Ko kunya babu ya ce mini, "Ai Malam, maganin ya karye, tunda mai shi ya kau." Ashe da yawansu ba kishin kulob ne ya tsayar da su ba, ba kalmar shara da aka jefi tokar iyayensu mata da ita ba. Tsoro ne. Sun ɗauka Bala ya haɗa wani abu a cikin tokar, duk rantsuwar da yake yi musu suka ɗauke ta wayon mai magani. Ban ce duka ba, akwai 'yan tsiraru da har yau ba su taka filin ba, Allah ya san su. Amma mutumin nan ya haƙura da ganin ɗansa saboda yana zaton gari na bayansa, alhali garin tsoron kumburin ƙafa yake yi. Tir da wannan hali.

Nafi'u bai ƙara buga wa Alhaji ba. Ya buɗe rumfar ubansa ya ci gaba da faci. Shi kuwa Alhaji da ya sha ƙasa a zaɓen fid da gwani sai ya manta da hanyar filin. 'Yan haya suka watse, aka ɓalle langa-langar ɗaya bayan ɗaya aka yi rufin bayi da ita, awaki suka gaji filin. Babu wanda ya ce a tara toka a farfaɗo da Matasan Bakin Gulbi.

Yanzu zaɓe ya sake matsowa, sai ga Alhaji ya dawo da sabuwar langa-langa da sabon tunani: gasar kofi tsakanin Gummi da Anka da Bukkuyum, wai don tunawa da marigayi Bala Toka. Na ga ƙyallen da aka rataya a ƙofa. Kan Alhaji ya cinye fiye da rabi, hoton Yaya yana can a kusurwa kamar tambarin kamfani. Kulob ɗin kuma har yau sunan Alhaji yake amsawa. Aka aiko mana da cewa an tanadar wa iyali kujeru a rumfar manyan baƙi.

Na yi ta tunanin me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin da farko dariya zai yi, irin wadda yake riƙe ciki. Abin da zai tsayar da dariyar shi ne sanarwar da muka ji ta lasifika ranar gasar, cewa don girmama marigayi, yau da toka aka ja layin filin ba da fenti ba. Aka yi tafi. Tokar kuwa daga gidan burodi aka sayo ta a buhu, na ga motar da ta sauke ta. Babu murhun gida ɗaya a cikinta, babu matar da za ta tambayi ɗanta ko an ci a kan layinta. Abin da aka kira shara jiya, yau an saye shi don neman ƙuri'a.

Ana gobe gasar Nafi'u ya fito da baron ubansa ba tare da ya shawarci kowa ba. Ya bi gidajen da Yaya yake bi yana cewa a ba fili toka. Wasu suka ce yanzun nan aka zubar, wasu ko sallamar ba su amsa ba. Innarmu da ta tsufa har ba ta iya miƙewa ita ta kwashe masa ta murhunta da hannunta, mahaifiyarsa ta ƙara tata, sai wasu gidaje kaɗan. Da safiyar Asabar ɗin ya ja layin a ƙofar fili, siriri, da ƙyar ya kai ɗaya ginshiƙin. Muka zauna a rumfar faci muna kallo. Jama'a suka yi ta tsallakewa. Manya suna tattare riga suna ɗaga ƙafa da bisimilla, kai ka ce kwata ce, matasa kuwa ta kai suke bi. Kafin a busa usur layin ya koma ƙasa.

Can sai ga ɗan aiken Alhaji ya tsallako hanya da sabuwar jesi a leda, ya ce ana jiran Nafi'u, shi zai fara taɓa ƙwallo a buɗe gasar ubansa. Nafi'u ya ce ya gode, yana da taya a hannu. Da mutumin ya tafi na dube shi, ƙafarsa tana motsi da kanta duk lokacin da aka doka ƙwallo a ciki, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce masa da babansa yana nan, cewa zai yi ya shiga.

Ya ce, "Na sani, Baffa. Shekara biyu ina tsallake tokarshi shina kallona, don shi yac ce in shiga. Yau ba shi nan balle ya ce."

Kulob ya tafi, filin ya tafi, sunan Yaya ma sun ɗauka sun rataya a ƙofa. Abin da ya rage nasa shi ne wannan yaro da ke zaune a wannan gefen hanya, ya sunkuyar da kai cikin bahon faci yana sauraren wasa da kunne. Allah ya jiƙanka Yaya Bala, ya sa kabarinka ya fi filin nan faɗi.